Abin da ya haɗa tauna da tsayuwar tsofaffi

Idan tsoho ya faɗi a tsakar gida ko a makewayi, abin da iyali kan fara zargi shi ne ƙafa, ko ido, ko santsin ƙasa, ko kuwa a ce jiri ne ya ɗebe shi. Da wuya a samu wanda zai ce a duba bakinsa a ƙirga haƙoran da suka rage masa. Amma shekaru da dama ke nan masu bincike, musamman a ƙasar Japan, suna yin wannan ƙirgar, kuma abin da suke ganowa ya isa a tsaya a kansa.

Faɗuwar tsoho ba ƙaramin lamari ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa a kowace shekara sakamakon faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a cikin mamatan. A wani rahoto da ta fitar a 2007, hukumar ta ce kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 65 kan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Wanda ya karya ƙugu a wannan shekarun sau da yawa ba ya komawa tafiya kamar da, wanda kuwa ya tashi lafiya yakan tashi da tsoro, ya rage fita masallaci da kasuwa, ƙafafunsa su ƙara mutuwa saboda zama.

A ɗaya ɓangaren kuma, alƙaluman hukumar na 2022 sun nuna cewa kusan kashi 23 cikin 100 na mutanen da suka kai shekara 60 ba su da haƙori ko ɗaya a baki. Tambayar da masana suka yi ita ce, shin waɗannan matsaloli biyu maƙwabtaka kawai suke yi a jikin tsoho, ko akwai igiyar da ta ɗaure su?

Abin da aka gani a Aichi da Kashiwa

Binciken da aka fi ambata a wannan fanni shi ne wanda Tatsuo Yamamoto da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar BMJ Open a 2012. Sun ɗauki mutum 1,763 masu shekara 65 zuwa sama a lardin Aichi, dukkansu waɗanda ba su faɗi ba a shekarar da ta gabaci fara binciken, suka tambaye su yawan haƙoransu da kuma ko suna sanya haƙoran roba. Bayan kimanin shekara uku aka koma musu. Waɗanda haƙoransu ba su wuce 19 ba kuma ba sa sanya na roba, haɗarin faɗuwarsu fiye da sau ɗaya ya ninka na masu haƙori 20 zuwa sama sau biyu da rabi, ko bayan an cire tasirin abubuwa irin su shekaru da jinsi da matakin ilimi. Su kuwa waɗanda suka rasa haƙoran amma suka cike giɓin da na roba, bambancin da ke tsakaninsu da masu cikakken baki bai kai wanda za a kafa hujja da shi ba.

Akwai wani abu a cikin wannan bincike da ba a cika faɗa ba idan ana ba da labarinsa. An kuma tambayi mutanen yadda suke jin ƙarfin taunarsu, amma amsar da suka bayar ba ta nuna alaƙa mai ƙarfi da faɗuwa ba bayan an tace lissafin. Wato yawan haƙora ya fi abin da mutum yake faɗa game da taunarsa nuna gaskiyar lamarin. Wannan ba abin mamaki ba ne ga duk wanda ya zauna da tsofaffi, domin wanda ya shekara goma yana shan kunu da farau-farau zai ce maka taunarsa lafiya lau, tunda ya daina kai hannu ga abin da zai gwada ta.

A birnin Kashiwa da ke kusa da Tokiyo, masu bincike daga Jami'ar Tokiyo sun bi wata hanyar daban. Daga 2012 suka fara bin tsofaffi 2,011, suna auna abubuwa shida: yawan haƙora, ƙarfin tauna, ƙarfin harshe, saurin maimaita gaɓar "ta", wahalar cin abu mai tauri da kuma wahalar haɗiya. Duk wanda ya gaza a uku daga cikin shida sai su sanya shi a rukunin masu raunin baki, kuma kashi 16 cikin 100 ne suka faɗa wannan rukuni. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa haɗarin raunin jiki gaba ɗaya, da zaizayewar tsoka, da kai wa ga buƙatar mai jinya, har ma da mutuwa, duk ya haura ninki biyu a wurinsu. Abin lura shi ne tun da farko an ware waɗanda jikinsu ya riga ya raunana, ke nan raunin bakin ne ya riga na jikin bayyana.

Tsayuwa aiki ce

Kafin a fahimci inda baki ya shigo, sai an san cewa mutumin da ke tsaye cik ba a tsaye cik yake ba. Jikinsa yana ɗan tangaɗi gaba da baya, hagu da dama, ƙwaƙwalwa kuma tana gyara shi sau da yawa a cikin daƙiƙa guda ba tare da saninsa ba. Labarin da take aiki da shi daga wurare uku yake zuwa: idanu, da wasu ƙananan bututu masu ruwa a can cikin kunne da ke auna motsin kai, sai kuma jijiyoyin ji da ke cikin tsokoki da gaɓoɓi da tafin ƙafa. Tsufa yana rage kaifin dukkan ukun. Yana takan rufe ido, ƙwayoyin cikin kunne su ragu, ciwon suga kuma ya kashe jin tafin ƙafa. Matashi yana da rarar labari, idan hanya ɗaya ta toshe sauran za su ɗauke nauyin. Tsoho kuwa da ɗan abin da ya rage yake lallaɓawa, shi ya sa asarar da ba za ta dami ɗan shekara 30 ba take iya kayar da ɗan 80.

Wuya yana da matsayi na musamman a wannan aiki. Kan babban mutum yana da nauyin kimanin kilo biyar, kuma a cikinsa idanu da kunnuwa suke, saboda haka dole ƙwaƙwalwa ta san yadda kai yake zaune a kan gangar jiki kafin ta fassara abin da ido da kunne suka kawo mata. Ƙananan tsokokin ƙeya ne ke ba ta wannan labari. To, muƙamuƙi da wuya abokan aiki ne da ba sa rabuwa. Masu bincike a Jami'ar Umeya ta ƙasar Suwidin, ƙarƙashin Per-Olof Eriksson, sun nuna da na'urorin ɗaukar motsi cewa duk lokacin da mutum ya buɗe baki, kansa yana ɗan ɗagawa baya, idan ya rufe kuma ya dawo. Mai karatu zai iya gwadawa da yin hamma yana lura da ƙeyarsa. Haka kuma idan ya ɗaga kai sama ya haɗa haƙora a hankali, zai ji wurin da suka fara taɓa juna ya sauya. Zaman kai yana canza cizo, cizo kuma yana motsa wuya.

Shi kansa haƙori ba ƙusa ba ne da aka kafa a ƙashi. Tsakanin saiwarsa da ƙashin muƙamuƙi akwai wata siririyar tantani cike da jijiyoyin ji, masu kaifin da mutum ke iya gane silin gashi ko ƙwayar tsakuwa a cikin lomar shinkafa. Saƙon waɗannan jijiyoyi, da na tsokokin tauna da gaɓar muƙamuƙi da ke gaban kunne, yana bi ta babbar jijiyar fuska mai rassa uku zuwa tushen ƙwaƙwalwa. Binciken da aka yi a kan dabbobi ya nuna cewa a can akwai hanyoyin da suka haɗa cibiyoyin wannan jijiya da cibiyoyin da ke karɓar saƙon cikin kunne da kuma masu sarrafa tsokokin wuya. Idan aka cire haƙori, tantanin da jijiyoyinsa suna tafiya tare da shi. Wanda ya rasa turamensa duka ya rasa wani ɓangare na labarin da ƙwaƙwalwarsa ta saba samu, kuma muƙamuƙinsa ya rasa wurin da yake sauka ya tsaya.

Gwaje-gwaje a kan mutane sun ƙarfafa wannan zato. A birnin Nansi na Faransa, Gangloff da Perrin sun wallafa a 2002 cewa da aka kashe jin ɓangare ɗaya na muƙamuƙi da allura irin ta likitan haƙori, yadda mutanen ke riƙe tsayuwarsu ya sauya. A 2011 Kushiro da Goto a Japan suka ɗora mutane a kan faranti mai auna tangaɗi, suka ga cewa tangaɗin yana raguwa yayin da suke taunar cingam. An samu irin wannan sakamako a Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad. Sai dai galibin waɗanda aka yi waɗannan gwaje-gwaje da su matasa ne masu lafiya, adadinsu kaɗan ne, kuma bambancin da aka auna ƙanƙane ne. Babu mai hankalin da zai ɗauki wannan ya ce a raba wa tsofaffi cingam a matsayin maganin faɗuwa, balle ma wanda ke da matsalar haɗiya, tauna yana tafiya haɗari ce gare shi.

Akwai kuma batun cije haƙora. Duk wanda ya taɓa ɗaga buhun hatsi ya san bakinsa yana datsewa da kansa. Likitoci sun daɗe da sanin wannan: tun ƙarshen ƙarni na 19 wani likita ɗan ƙasar Hangari mai suna Jendrassik ya nuna cewa idan mutum ya sarƙe yatsun hannuwansa yana ja, harbin da ƙafa ke yi idan an ƙwanƙwasa gwiwa yana ƙaruwa, kuma har yau akan ce wa majiyyaci ya cije haƙora domin a samu wannan sakamako. Wani bincike na Japan a 1996 ya auna hakan a tsokar sha-raɓa, ya ga cewa gwargwadon ƙarfin cizo, gwargwadon shirin tsokar na amsa kira. A lokacin da mutum ya yi tuntuɓe, abin da ke tsakanin faɗuwa da tsira bai kai daƙiƙa ɗaya ba, kuma a cikinsa ne ake buƙatar ƙafa ta ƙame nan take. Ana kyautata zaton cewa wanda ba shi da abin cijewa yana shiga wannan lokaci da ƙarancin makami.

Hanyar ciki

Duk da daɗin bayanin jijiyoyi, a ganina hanyar da ta fi girma, kuma ta fi shafar gidajenmu, ita ce wadda ta bi ta ciki. Mutumin da tauna ta zame masa wahala ba ya sanar da kowa, abincinsa kawai yake sauyawa. Nama ne farkon abin da yake bari, sai gyaɗa da ɗanyen ganye da 'ya'yan itace masu tauri, ya koma ga abin da ke wucewa ba gardama. A ƙasar Hausa wannan sauyi yana da wuyar ganewa, domin babban abincinmu ba ya neman haƙori. Tuwo da miyar kuka ko kuɓewa haɗiye shi ake yi, koko da kunu da fura kuwa sha ake yi. Tsoho zai iya cinye malmala biyu ya yi hamdala, iyali su ce ai Baba yana cin abinci sosai, alhali tsokar naman da aka sa masa a miya jikansa ya miƙa wa. Ana ɗaukar hakan a matsayin ƙaunar jika, kuma ƙaunar ce, amma sau da yawa akwai dasashi a bayanta. Haka idan aka ga dattijon da ya saba ɓantarar goro ya koma goga shi a magogi ko daka shi, wannan sanarwa ce da ya kamata a ji.

Tsokar tsoho ta fi ta matashi buƙatar abinci mai gina jiki kafin ta riƙe girmanta. Ƙungiyoyin masana abincin tsofaffi a Turai sun ba da shawarar giram 1 zuwa 1.2 na furotin a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana ga tsoho mai lafiya. Mai nauyin kilo 60 ke nan yana buƙatar giram 60 zuwa 72, alhali ƙwai ɗaya kimanin giram shida ne kawai a cikinsa. Idan aka shafe shekaru ana samun ƙasa da haka, tsokar cinya da ta ƙugu suna zaizayewa a hankali, tashi daga tabarma ya koma sai da dafa bango, taku ya gajarce, baya ya fara ranƙwafawa. Shi kuma ranƙwafawar tana tura kai gaba, ta ja haɓa, ta ƙara dagula tauna da haɗiya. Daga nan abu ya zama zagaye, kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa.

Inda ya kamata a yi hattara

Ruwa ba ya tsami banza, amma ba kowane tsami ne aka gano musabbabinsa ba. Binciken Aichi da na Kashiwa sun nuna cewa rashin haƙora da faɗuwa suna tafiya tare, ba su tabbatar da cewa ɗaya ne ke haifar da ɗayan kai tsaye ba. Talauci yana zubar da haƙora, yana kuma hana cin mai kyau. Ciwon suga yana lalata dasashi, yana kuma kashe jin ƙafa. Shan taba yana yin ɓarna a duka wuraren biyu. Mutumin da ya je aka yi masa haƙoran roba wataƙila dama mai kula da lafiyarsa ne ta kowace fuska, mai kuɗin zuwa asibiti da 'ya'yan da ke kai shi. Masu bincike suna ƙoƙarin cire tasirin irin waɗannan abubuwa da lissafi, amma lissafi ba ya wanke su tas.

Wannan hattara tana da muhimmanci saboda akwai masu kasuwanci da batun. A Turai da Amurka akwai wuraren da ke sayar da robobin sanyawa a baki ko su fiƙe haƙoran mutum da sunan gyara masa ciwon baya ko karkacewar kafaɗa. A 2012 Daniele Manfredini na Italiya da abokansa suka tattara binciken da aka yi a kan haka, suka kammala da cewa babu hujjar wata tabbatacciyar alaƙa tsakanin yadda haƙora ke haɗuwa da siffar tsayuwar jiki da za ta halatta irin wannan magani. Haka ma maganar da ake yaɗawa cewa tauna da ɓangare ɗaya tana karkata kashin baya, hujjarta ba ta da ƙarfi. Abin da tauna da gefe ɗaya ke nunawa a zahiri shi ne akwai abin da ake gudu a ɗaya gefen, ko rami a haƙori, ko giɓi, ko kumburin dasashi, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin ganin likita. Shi kuwa ƙirga tauna, a ce sai sau kaza kafin a haɗiye, tsohuwar da'awa ce da wani Ba'amurke mai suna Horace Fletcher ya yi suna da ita a farkon ƙarni na 20. Tauna a natse tana da amfani, amma babu wata lamba mai tsarki.

Japan ba ta jira an warware wannan muhawara ba. A 1989 ma'aikatar lafiyarta da ƙungiyar likitocin haƙora suka ƙaddamar da gangamin da suka kira 8020, wato mutum ya kai shekara 80 da haƙoransa 20, adadin da ake ganin ya isa a tauna kusan kowane irin abinci daga cikin 32 da babba yake da su. A lokacin, waɗanda suka cika wannan sharaɗi ba su kai ɗaya cikin goma ba. A binciken ƙasa na 2016 sun kai kashi 51 cikin 100. Wannan ya rushe tunanin da mu ma muke da shi cewa zubewar haƙora wani haraji ne da tsufa ke karɓa dole. Abin da ke zubar da su cuta ce, ruɓewa da ciwon dasashi, kuma dukkansu ana iya tare su da rage sukari, da barin taba, da riƙe ciwon suga, da goge baki sau biyu a rana da man da ke ɗauke da sinadarin fuloraid. Asuwaki yana da nasa amfanin wajen kankare dauɗa, musamman idan an kai shi har turame ba a tsaya ga na gaba da ake gani ba.

Ga wanda haƙoran suka riga suka tafi, gyaran yana farawa ne daga tukunya. Ba sai an hana shi nama ba, sarrafa shi za a yi: dambun nama, naman da aka dafa ya yi luguf, kifi da aka cire wa ƙaya, ƙwai, alala, ƙosai, awara, faten wake, kindirmo, miyar gyaɗa. A bar masa kuma ɗan abin da zai tauna gwargwadon ikonsa, domin tsokar muƙamuƙi ma tana mutuwa idan aka daina aiki da ita. Mai ciwon ƙoda kuwa sai ya nemi shawarar likita kafin ya ƙara irin wannan abinci. Zaman cin abincin ma abin dubawa ne. Masu kula da matsalar haɗiya suna son tsoho ya ci a zaune, bayansa a miƙe, ƙafafunsa a dafe da ƙasa, haɓarsa ta ɗan sunkuyo. Ba shi abinci yana kishingiɗe kansa a ɗage yana buɗe hanyar iska, abinci ya sarƙe shi ya gangara huhu.

Kada kuma batun baki ya sa a manta da abin da hujjarsa ta fi kowanne ƙarfi. Wani babban nazari na cibiyar Cochrane a 2019, wanda ya haɗa gwaje-gwaje fiye da 100, ya nuna cewa motsa jiki yana rage yawan faɗuwar tsofaffi da kimanin kashi 23 cikin 100, kuma atisayen daidaita tsayuwa, irin su tashi da zama daga kujera da tsayuwa da ƙafa ɗaya ana dafe da bango, su ne kan gaba. Bayan haka sai duba ido, da sa likita ya sake nazarin magungunan barci da na hawan jini masu kawo jiri, da fitila a hanyar makewayi da dare.

Haƙoran roba kuwa suna da nasu sharaɗin. Ƙarfin cizon da suke bayarwa kaso kaɗan ne na haƙoran asali, kuma ba su da jijiyar ji, amma suna mayar wa muƙamuƙi wurin sauka. Sai dai ƙashin da ke ƙarƙashin dasashi yana ci gaba da janyewa bayan an cire haƙori, saboda haka robar da ta zauna daram a bana za ta iya fara rawa bayan 'yan shekaru, ta riƙa goge dasashi har ta yi gyambo. A nan ne tsofaffi da yawa ke cire ta su jefa a kofi, sai ranar biki ko zuwan baƙi. Likitan haƙori yana iya cike ta ta sake kamawa, ko ya yi sabuwa. Da dare kuma cire ta ake yi a wanke, domin wani bincike a kan masu shekara 85 zuwa sama a Tokiyo ya nuna cewa masu kwana da ita a baki haɗarin kamuwarsu da ciwon huhu ya ninka na masu cirewa sau biyu da ɗoriya.